Ƙuri'a 88 tsakanin Zobrist da Murphy: wa ya cancanci tasha ta biyu?

Assalamu alaikum masu kallo. A shekarar 2016, an kaɗa wa 'yan wasa biyu ƙuri'a sama da miliyan uku kowannensu a gasar bezbol ta Amurka, amma da aka gama ƙirga, tazarar da ke tsakaninsu ƙuri'a 88 ce kacal. Ben Zobrist na ƙungiyar Chicago Cubs shi ya yi nasara, Daniel Murphy na Washington Nationals ya sha kaye. Abin da ake takara a kai shi ne wanda zai fara tsaron tasha ta biyu a ɓangaren gasar National a Wasan Taurari, wasan shekara-shekara da zaratan gasar National ke karawa da na gasar American, wanda aka buga ranar 12 ga Yuli a filin Petco Park da ke San Diego.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba, filin bezbol yana da tasha huɗu, tsakanin kowace da ta gabanta kusan mita 27, ta ƙarshe ita ake kira gida, wanda ya zagayo ya isa can ya ci maki. Mai tsaron tasha ta biyu yana tsayawa tsakanin ta farko da ta biyu. Aikin da ake auna shi da shi shi ne fitar da mutum biyu a tashi ɗaya. Ƙwallo ta gangaro ƙasa, abokinsa ya cafke ya jefo masa, shi kuma ya taka tasha, ya juya, ya wurga wa na tasha ta farko, alhali ga ɗan tsere nan ya zamo da ƙafafu yana nufo shi. Duk wannan cikin daƙiƙa huɗu da 'yan kai. Masu kallo ba sa tafa wa wannan aiki kamar yadda suke tafa wa wanda ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, shi ya sa auna 'yan wannan gurbi yake da wuya.

To, mu ɗora su a sikeli. A bugu, Murphy ya ƙare shekarar da 0.347, wato a cikin kowane karo dubu da ya tsaya da sanda, yana samun bugu mai kyau sau 347. Zobrist kuwa 0.272. Murphy ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 25, Zobrist sau 18. In nan aka tsaya, ai gardama ta ƙare.

Sai dai akwai wani lissafi da magoya bayan Zobrist suke riƙe da shi. Mutumin yana da haƙuri da ido. Ba ya kai wa ƙwallon banza sanda, kuma a bezbol idan mai jifa ya kauce hanya sau huɗu, sai a ba mai bugu tasha ta farko kyauta. Zobrist ya sami wannan kyautar sau 96 a shekarar, Murphy sau 35. Da aka haɗa duk hanyoyin isa tasha, Murphy yana da 0.390, Zobrist 0.386. Kun ga ratar nan mai faɗi ta kusan ɓacewa. Abin da ya rage wa Murphy shi ne ƙarfin bugu, domin nasa yana kai shi tasha ta biyu ko gida kai tsaye, kuma yana koro abokansa gida: ya shigo da maki 104.

Sai batun safar hannu, wato tsaro, kuma nan ne Murphy yake da tabo. Wata takwas kafin wannan zaɓe, yana New York Mets, Zobrist yana Kansas City Royals, suka haɗu a gasar ƙarshe ta World Series. Wasa na huɗu, zagaye na takwas, Mets na gaba da maki ɗaya. Eric Hosmer na Royals ya buga wata ƙwallo mai laushi, ta gangaro tana tsalle a hankali. Murphy ya rugo, ya sunkuya, ta bi ta ƙarƙashin safarsa ta wuce. Wanda ya taso daga tasha ta biyu ya shiga gida ya farke makin shi ne Zobrist. Royals suka ci wasan, washegari suka ɗauki kofi.

Magoya bayan Cubs ma suna da tasu a ciki da Murphy. A wasannin neman kofi na 2015, kafin World Series, ya tsallakar da ƙwallo katanga a wasa shida a jere, abin da ba a taɓa yi ba a wannan mataki, kuma huɗu daga cikin wasannin da Cubs aka yi su, aka share su tas. Da zaɓe ya zo, mutanen Chicago suka yi dandazo a intanet, inda kowa ke da damar kaɗawa sau da dama. Sakamakon shi ne duk gurabe huɗu na cikin fili 'yan Cubs suka cike su: Anthony Rizzo, Zobrist, Addison Russell da Kris Bryant.

A ganina Murphy aka danne. Tsaronsa yana da rauni, ba musu, amma wanda ke bugu irin nasa ya biya kuɗin kurakuransa har da canji. A ƙarshen shekara shi ya zo na biyu a zaɓen gwarzon gasar National, bayan Bryant. An dai kai shi San Diego a matsayin ɗan benci. Zobrist kuma ba a ce bai iya ba, tunda shi ya zama gwarzon World Series a watan Nuwamba, lokacin da Cubs suka ci kofinsu na farko tun 1908.

Akwai ma na uku da ba a gayyata ba sam. DJ LeMahieu na Colorado Rockies ya ƙare da 0.348, ya fi kowa a gasar, ya kuma fi su biyun iya tsaro. Laifinsa filinsu na Denver yana kan tudu kusan mita 1,600, iskar can ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya nesa, don haka ake rage wa lambobinsa daraja.

A ɗaya ɓangaren, gasar American, José Altuve na Houston ne ya fara, ɗan Venezuela mai tsayin mita 1.68, Robinson Canó na Seattle yana benci. Ba wanda ya yi ƙorafi. Amma Brian Dozier na Minnesota, wanda aka bari a gida da bugu 14 na tsallake katanga, ya dawo daga hutun Wasan Taurari ya ƙara 28, ya ƙare da 42. Zaɓen taurari rabin kakar wasa kawai yake gani, daga Afrilu zuwa farkon Yuli, a gasar da ake buga wasa 162. Ku rubuto mana a ƙasa: da ƙuri'a a hannunku take, Zobrist ko Murphy?