Yadda ake koya wa jiki aika saƙon yaƙi da cuta

Jama'a, duk wanda ya taɓa sammako a kasuwar Mile 12 ta Legas ya ga yadda ake yi idan motar tumatir ta iso daga Kano. 'Yan dako na nan da ƙarfinsu, amma sai dillali ya ɗaga murya ya ce ga motar da za a sauke, ga layin da za a kai kwanduna. Haka garkuwar jikinmu take. Ƙwayoyinta na aika wa juna saƙo ta wasu ƙananan sinadaran furotin da ake kira saitokin.

Kowane saƙo da aikinsa. Intalukin 12 kan sa jiki ya samar da intaferon gama, wanda ke zaburar da ƙwayoyin da ke haɗiye cuta su kashe abin da ya ɓuya a cikinsu, kamar ƙwayar tarin fuka. Intalukin 4 kuwa ya fi karkata jiki wajen yaƙar tsutsar ciki. Idan saƙon ya zo a karkace, sai sojoji su tafi gabas alhali abokin gaba na yamma.

To me ya hana a zuba sinadarin a sirinji kawai? An gwada. Wasu ba sa daɗewa a jini, sai an yi ta ƙari, kuma jiki duka ke ji. Masu ciwon hanta da aka yi wa allurar intaferon sun san zazzaɓin nan da ciwon gaɓoɓi, kamar cizon sauro ya kwantar da mutum. A 1995 a Amurka, mutum biyu sun rasu a gwajin allurar intalukin 12. Wannan ba abin wasa ba ne.

Shi ya sa masana suka sauya dabara. Maimakon sinadarin, sai a kai wa jiki umarnin haɗa shi, wato ƙwayar halittarsa. Ana saka ta cikin ɗan zoben DNA, ko cikin bairos da aka raunana, ko a naɗe kwafin umarnin, wanda ake kira mRNA, cikin ɗigon kitse. Ƙwayoyin wurin da aka yi allurar su karanta, su riƙa fitar da saƙon kaɗan-kaɗan a daidai inda ake buƙata. An haɗa zoben intalukin 12 da rigakafin gwaji na ƙanjamau, aka ga ƙwayoyin T, wato wasu daga cikin sojojin garkuwar jiki, sun amsa sosai, sai dai hakan bai zama kariya tabbatacciya ba.

A ɓangaren ciwon daji an riga an yi nisa: a 2015 Amurka ta amince da Imlygic, bairos mai ɗauke da umarnin saitokin, don dajin fata. Na cututtuka masu yaɗuwa yana matakin bincike. Ni abin da ke raina shi ne tarin fuka, domin Najeriya na cikin ƙasashen da ya fi addaba, kuma muna ganinsa a ɗakunan haya na Agege da Idi-Araba. Maganinsa na wata shida kyauta ne a asibitocin gwamnati, don haka wanda tari ya wuce masa mako biyu ya je a gwada majinarsa.