Amsoshin Tambayoyinku: Yadda ɗan fansho a Birtaniya ke sasantawa da masu bin sa bashi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. A wannan makon mun haɗa wasiƙu uku wuri ɗaya, domin dukkansu sun shafi dattawan da suka yi ritaya a Birtaniya, bashi kuma ya yi musu katutu.

Wasiƙar farko ta fito ne daga wata mai sauraronmu a Kaduna, wadda mahaifinta ya daɗe yana zaune a Manchester. Ta ce bankuna uku ke bin sa bashi, ba shi da wata hanyar samun kuɗi sai fansho, kuma an shawarce shi da ya shiga wani shiri da ake taƙaita sunansa da DMP. Tana so ta san ko mene ne wannan shiri, da kuma yadda masu bin bashin ke karɓar sa.

To 'yar'uwa, wannan shiri sasantawa ce tsakanin wanda ake bi bashi da masu bin sa, inda wata ƙungiya ke shiga tsakani ta karɓi kuɗi sau ɗaya a wata daga hannun mutum, sannan ta rarraba wa masu bin bashin. Kafin a kai ga haka, mai ba da shawara zai zauna da mahaifinki su lissafa duk abin da ke shigo masa, wato fanshon gwamnati, da fanshon wurin aiki idan akwai, da duk wani tallafi. Daga nan sai a cire kuɗin haya ko na jinginar gida, da harajin ƙaramar hukuma, da kuɗin wuta da gas, da abinci da sutura da sufuri. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan buƙatu shi kaɗai ake miƙa wa masu bin bashi. Akwai takardar lissafi ta bai ɗaya da aka fara aiki da ita a 2017, wadda bankuna da ƙungiyoyin ba da shawara suka saba da ita, saboda haka ba a cika yin dogon jayayya a kan alƙaluman ba.

Rabon kuwa ana yin sa ne gwargwadon girman bashin kowa. A misali, idan banki na farko na bin fam 6,000, na biyu fam 4,000, na uku fam 2,000, abin da ya rage wa dattijon a wata kuma fam 60 ne, to na farko zai karɓi fam 30, na biyu fam 20, na uku fam 10. Basussukan da ke shiga shirin su ne waɗanda ba a jinginar da wata kadara a kansu ba, kamar na katin bashi, da rancen banki, da kuɗin da mutum ya cira fiye da abin da ke asusunsa. Bashin haya, da na jinginar gida, da harajin ƙaramar hukuma, da tarar kotu, ana fara biyan su ne daban, domin rashin biyan su na da mummunan sakamako, wasunsu ma na iya raba mutum da muhallinsa.

Abin da ya fi muhimmanci ki fahimta shi ne, doka ba ta tilasta wa mai bin bashi amincewa da wannan shiri ba. Ƙungiyar da ta shiga tsakani za ta roƙi bankuna su dakatar da kuɗin ruwa da cajin jinkiri, kuma da yawansu sukan amince, amma kowanne na da ikon ƙi, ko ya sayar da bashin ga wani kamfani, ko ma ya je kotu. Yawanci kuma za a sa wa mutum alamar gaza biya a kundin tarihin bashinsa, wadda ke zama har shekara shida. Duk da haka, hukumar FCA, wadda ta karɓi sa ido a kan harkar rance a 2014, ta wajabta wa masu ba da bashi su yi sassauci ga wanda ya shiga matsi. Kuma tun daga watan Mayun 2021, a Ingila da Wales mai ba da shawara zai iya nema wa mutum sararin kwana 60, wanda a cikinsa ake tsayar da kuɗin ruwa da matakan karɓar bashi har ya tsara al'amuransa.

A ganina, ga inda ɗan fansho ya bambanta da mai aiki. Matashin da ya shiga wannan shiri yana da fatan albashinsa ya ƙaru, ya gama biya cikin 'yan shekaru. Dattijon da ya kai shekarun fara karɓar fanshon gwamnati kuwa, samunsa ya riga ya tsaya a wuri ɗaya, in ban da ɗan ƙarin da ake yi kowane watan Afrilu. Cikakken sabon fanshon gwamnati fam 230.25 ne a mako a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026. Idan muka koma kan misalinmu, bashin fam 12,000 da ake biyan fam 60 a wata zai ɗauki wata 200, wato shekara 16 da wata takwas, ko da an dakatar da kuɗin ruwa gaba ɗaya. Bai dace a ɗora wa mutum mai shekara saba'in irin wannan nauyi ba tare da an duba wata mafita ba. Idan mahaifinki a gidan haya yake, bashinsa bai wuce fam 50,000 ba, ba shi da wata kadara mai yawa, abin da ke rage masa a wata kuma bai wuce fam 75 ba, akwai tanadin doka a Ingila da Wales da ake kira DRO, wanda ke yafe bashin bayan wata 12, kuma tun daga Afrilun 2024 aka soke kuɗin neman sa. Haka kuma ana iya rubuta wa masu bin bashi a roƙe su su yafe, a haɗa da shaidar likita idan akwai rashin lafiya. Ba dole ne su amince ba, amma wasu sukan yi idan suka ga babu abin da za su samu.

Ki kuma gaya masa kada ya biya kowa ladan shiga tsakani. Ƙungiyar agaji ta StepChange, wadda aka kafa a 1993, da PayPlan, suna gudanar da shirin kyauta, National Debtline da Citizens Advice kuma suna ba da shawara kyauta. Duk fam ɗin da kamfani mai caji ya cira, bashin ne ya ƙara tsawo. Ya kuma sa a duba masa ko ya cancanci tallafin Pension Credit, wato ƙarin kuɗin da gwamnati ke ba 'yan fansho masu ƙaramin samu, domin ɗaruruwan dubban dattawan da suka cancanta ba sa neman sa.

Wasiƙa ta biyu daga wani dattijo ce a Landan, mai shekara sittin da 'yan kai, wanda ya ce wani mai karɓar bashi ya nuna masa cewa ya ciri kuɗi daga asusun fanshonsa na wurin aiki ya biya a wuce wurin.

Baba, kada ku yi gaggawa. Ƙa'idojin FCA sun hana mai bin bashi matsa wa mutum ya sayar da kadararsa, ko ya ci sabon bashi, ko ya ciri dunƙulen kuɗi daga fanshonsa domin ya biya. Gaskiya ne daga shekara 55 ana iya taɓa irin wannan asusu, kuma yawanci kashi 25 cikin ɗari ba a cire masa haraji, amma sauran ana lissafa shi a matsayin kuɗin shiga, yana kuma iya rage tallafin da kuke karɓa ko za ku karɓa nan gaba. Kuɗin da ke cikin asusun fansho yana da kariya mai ƙarfi daga masu bin bashi, da zarar ya faɗo asusun banki kuwa kariyar ta ragu. Ku fara neman ganawa ta kyauta da Pension Wise, hidimar gwamnati ta ba da shawara kan fansho, wadda aka tanada domin masu shekara 50 zuwa sama. Sannan idan bankin da fanshonku ke shiga shi ne ke bin ku bashi, yana iya ɗibar abin da ke asusunku ya biya kansa, shi ya sa masu ba da shawara kan ce a buɗe asusu a wani bankin daban kafin a fara shirin. Idan gidan da kuke ciki mallakinku ne, kada ku yi watsi da kowace takarda daga kotu, domin bayan hukunci mai bin bashi na iya neman a rataya bashin a kan gidan.

Tambaya ta uku ta zo ne daga wani bawan Allah a Zinder, wanda yayarsa da mijinta ke zaune a Glasgow. Yana tambaya ko bashin zai koma kan matar da 'ya'ya idan ta Allah ta kasance ga maigidan alhali bai gama biya ba.

Malam, a dokar Birtaniya ana biyan bashin mamaci ne daga dukiyar da ya bari kafin magada su karɓi komai, abin da ya yi daidai da tsarin da muka sani a rabon gado na Musulunci. Idan dukiyar ba ta isa ba, ba a bin mata ko 'ya'ya ragowar, sai fa idan tare suka ci bashin, ko kuma ɗayansu ya sa hannu ya tsaya masa. A bashin haɗin gwiwa kuwa, wanda ya rage a raye ana bin sa dukkan abin da ya saura, ba rabi ba. Tunda a Scotland suke, ka shaida wa yayarka cewa can akwai shirin gwamnati da ake kira DAS, wanda doka ta tsaya masa: da zarar an amince da shi, ana tsayar da kuɗin ruwa da caji, kuma masu bin bashi ba su da ikon kai mutum kotu a kan bashin muddin yana biyan abin da aka yanka masa.