Amsoshin Tambayoyinku: Rediyon mota mai ɗaukewa idan an tada inji

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma, ga mu kuma a filinku na amsoshin tambayoyinku daga nan Birnin Kebbi. Saƙonni sun taru yau sosai kuma lokaci kaɗan gare mu kafin labarai, wanda bai ji nasa ba ya yi mana uzuri sai wani makon. Muna tare da ogan namu mai riwaya kamar kullum. Oga barka da zuwa, ya zafi?

Oga: Barka kadai, zafi lokacinshi ne, mun gode Allah.

Mai gabatarwa: To bismillah. Wani bawan Allah daga Argungu ya ce ya cire batirin Hondarsa ya kai caji, da ya mayar sai rediyo ya ce sai an saka masa wasu lambobi.

Oga: Wannan kod ne na hana sata. Ya duba littafin motar ko akwatin gaban fasinja, sau da yawa akwai ɗan kati ko sitika mai lambar. Kar ya yi ta dannawa da ka, rediyon zai kulle.

Mai gabatarwa: Ka ji ko na Argungu, ba caca ba ce, nemo katin. Sai wani daga Kamba, ya sayi rediyon mota na hannu amma FM ɗinsa ba ya wuce 90.

Oga: Na Japan ne, su tsofaffin rediyonsu daga 76 suke farawa zuwa 90, mu kuma namu daga wajen 88 har 108. Akwai ɗan kwanbata, ɗan abin da ke sa ya kama tashoshinmu, da ake sawa a wayar eriya, ba shi da tsada.

Mai gabatarwa: Madalla. Yanzu ga wadda ta fi yawa, don mutane da dama suka aiko ta, daga Jega, daga Yauri, har da wata malamar makaranta daga Gusau. Zan karanta ta direban Jega don shi ya fi bayani. Ya ce yana jan Golf tsakanin Jega da Birnin Kebbi, duk sanda ya murza makulli zai tada mota sai rediyo ya ɗauke, wani lokaci ya dawo da kansa wani lokaci kuma ya dawo ya manta komai, agogo ya koma sifili tashoshin da ya ajiye duk sun goge, ya ce rediyo biyu ya canza a kan wannan matsala amma har yau jiya i yau. Rediyo biyu fa Oga! A wannan tsadar rayuwa, wallahi abin ya taɓa ni.

Oga: Ai shi ya sa nake cewa a riƙa tambaya kafin a kashe kuɗi. Ka san mu lokacin da munka koyi aiki, maigidanmu ba ya barin ka taɓa waya sai ka shekara kana wankin kan batir, amma yaran yanzu wata uku sun buɗe shago, su murɗe waya da haƙori su naɗe ta da ledar burodi, ko tef babu, in mota ta shiga gargada wayar ta saki. Jiya ma anka kawo min wata Sharon, da na zaro rediyon sai ga wayoyi kamar taliya...

Mai gabatarwa: Oga, Oga, mu dawo kan na Jega, agogo na kallona.

Oga: To, ai can na nufa. Da farko a rarrabe abu biyu. In ka murza makulli rediyo ya yi shiru na daƙiƙa biyu ko uku, inji na kamawa ya dawo kan tashar da kake ji, wanga ba matsala ba ne. Motoci da yawa haka anka yi su, lokacin da kik yake juya inji makulli na yanke wutar rediyo da fanka da abin kunna sigari, don kik ya samu wuta duka. Kik na jan amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da abu ke ja, sama da 100, wani ma ya kai 200, rediyo kuma fiyus ɗinsa galibi amfiya 10 ne kacal.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don Malama ta Gusau, don ita abin da ta rubuto ke nan. Idan ya ɗauke ya dawo daidai inda yake, bai manta komai ba, Malama motarki lafiya lau, ki bar kuɗinki a jaka. Amma na Jega nasa mantuwa yake.

Oga: Yauwa, mantuwa ita ce alamar. Bayan rediyo akwai wayoyi uku da ya kamata kowa ya sani. Ruwan ɗorawa tana zuwa kai tsaye daga batir, kullum da wuta ko an zare makulli, ita ke riƙe agogo da tashoshi. Ja tana samun wuta ne sai an buɗe makulli, ita ke ce wa rediyo tashi. Baƙa kuma ta bodi ce, a jikin ƙarfen mota ake ɗaure ta. To motocin Jamus irin Golf da Vectra, a soket ɗinsu gurbin ja da na ruwan ɗorawa sau da yawa a juye suke da na rediyon kasuwa, in yaro ya cusa haka nan bai gwada ba, wayar ajiya ta koma kan makulli, kana kashe mota ko kana tadawa komai ya goge. Gyaran bai kai minti goma ba, a musanya su, shi ke nan. Wasu ma don sauri sai su haɗe ja da ruwan ɗorawa wuri guda.

Mai gabatarwa: To in an haɗe su me zai faru?

Oga: In sunka haɗe kan makulli, mantuwa kullum. In kan batir ne, rediyo ba ya mutuwa sai ka kashe da hannu, ranar da ka manta da safe ka nemi masu turi.

Mai gabatarwa: Na Jega ka buɗe kunne. Ruwan ɗorawa ta batir, ja ta makulli, baƙa ta bodi. Ka je wurin mai riwaya ka ce ya zare makulli ya gwada ruwan ɗorawa da mita ko da ƙwan gwaji a gabanka, in babu wuta to ga ɓarawon nan. Amma Oga shi ya ce ba kullum yake mantawa ba, wani lokaci ne.

Oga: To nan ne nake zargin batir ko kan batir. Batir mai lafiya da ya kwana, mita za ta nuna wajen bolt 12.6. Ka bar mitar a kai wani ya yi kik, in ta faɗi ƙasa da 9.6 batirin ya gaji, kuma wutar da ta faɗi haka na iya sa rediyo ya ɗauka an cire shi ne gaba ɗaya. Bayan inji ya tashi ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, in ba ka gani ba altaneta, wato abin da ke cajin batir in inji na aiki, ba ta caji yadda ya kamata. Kuma zafin ƙasarmu wagga, watan Afrilu da ake haura digiri 40, yana cinye batir da wuri, ruwansa ya ƙone, mutane ba sa dubawa.

Amma kafin ka sayi sabo, ɗaga bonet ka kalli kan batirin. Za ka ga wani farin gari mai ɗan kore ya taru kamar kanwa, ka kama tamina, wato bakin wayar da ke riƙe kan batir, ka juya da hannu, in ta motsa to ba ta ɗauru ba. Direbobinmu na tasha sai su buga ƙusa a tsakani wai ta matse, ko su ɗauki dutse su ƙwanƙwasa duk safiya. A cire, a fara da ta bodi mai alamar ragewa, a wanke da ruwan zafi, a goge da sanfefa har dalma ta yi haske, a ɗaure da sifana, a shafa ɗan giris. Sannan a bi babbar wayar da ta tafi bodi da wadda ta haɗa inji da bodi, tsatsa na ɓoyewa ƙarƙashin notin nan.

Mai gabatarwa: 'Yan'uwana direbobi, maganar ƙusar nan don Allah a daina, kun san kanku, ni ma na sha gani a tasha. Tamina sabuwa nawa take? Ba ta kai kuɗin rediyo ɗaya da na Jega ya zubar ba. Sai na Yauri, nasa irin mai allon nan ne na Android, ya ce in ya tada mota sai ya sake lodawa daga farko.

Oga: Su waɗannan kamar wayar hannu suke, in wuta ta yanke sai sun sake tashi, shi ya sa yake jira. In batir da wayoyi lafiya, ana sa dayod da ɗan kafasita mai ajiye 'yar wuta a kan jan waya, ko rile mai jinkirta yankewar wuta, ya riƙe shi na 'yan daƙiƙun kik. Amma a sami wanda ya iya. Mafi sauƙi dai ya tada mota tukun sannan ya kunna kiɗansa.

Mai gabatarwa: Saura minti biyu. Wani matashi daga Kaura Namoda ya ce fiyus ɗin rediyonsa na yawan ƙonewa tun da ya sa ufa, babbar sifikar nan mai duka, a but, sai ya naɗa zaren waya a wurin, ya ce yanzu lafiya.

Oga: Subhanallahi. Ba lafiya ba, ya cire yau. Fiyus na ƙonewa ne don waya kar ta kama wuta. Amfilifayar da ke ba ufa ƙarfi tana son wayarta mai kauri daga batir, da fiyus nata kusa da batirin, ba a jingina ta kan wayar rediyo.

Mai gabatarwa: Ka ji ɗan samari, cire zaren nan kafin ka sake tada motar, mahaifanka na son ganinka, kuma ka rage ƙarar in ka zo kusa da masallaci. Ta ƙarshe daga Zuru, rediyo na wani kuka siriri da ke ƙaruwa in an taka totur.

Oga: Ƙarar altaneta ce ke shiga, ya gyara wayar bodi a kan ƙarfe mai tsabta wanda anka kankare fenti, kuma ya raba wayar sauti da ta wuta, kar su bi hanya ɗaya.

Mai gabatarwa: An ɗaga mana hannu daga ɗakin injiniya. Na Jega muna jiran saƙonka mako mai zuwa ka gaya mana ko ruwan ɗorawa ce ko kan batir. Oga mun gode, a gaida yaran shago. Ga labarai.