Me ya sa boris ya ƙi shiga da hannu?

Assalamu alaikum, jama'a. Tun da muka saka bidiyon shagon masu aikin injin lat ɗin nan, wato injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi, tambaya ɗaya ake ta aiko mana. Wai ya aka yi maigidan ya gama aikin shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, aka kawo boris ɗin da za a zura masa ya ƙi shiga, shi kuma ya hau murmushi? Wasu har sun yanke hukunci cewa awon ne ya kuɓuce masa. Bai kuɓuce ba, da gangan ya bar shi haka, kuma dalilin da ya dawo da mu shagon ke nan.

Mu fara raba gardama ɗaya, wannan bawan Allah ba mai walda ba ne. Mai walda haɗa ƙarfe yake yi, shi kuwa sassaƙa shi yake. Ana kawo masa zane, ko ƙarfen da ya cinye daga wata masana'anta a Sharada, Challawa ko Bompai, wani lokacin ma daga injin niƙan unguwa. Ya karanta zanen, ya zaɓi ƙarfe, ya ɗaure shi a bakin inji har ya daina rawa, ya wasa wuƙa, ya saita gudu. Ga shi nan, ƙarfen na juyawa, wuƙar na bin jikinsa. Ku dubi hannunsa, riga a naɗe, babu zobe, babu safar hannu, don kada inji ya fizge shi. Wanda duk zai kai ɗansa koyon wannan sana'a, ya fara lura da hannun maigidan.

To, mu tsaya a nan.

Wannan boris ɗin lambarsa 6205, irin wanda ake yawan samu a injinan lantarki da famfunan ruwa. Faɗin raminsa milimita 25 ne. Kowa zai ce ai sai a yanka shaf 25 shi ma, ko a ɗan rage don ya zurma. Amma a irin wannan aiki ana so shaf ya ɗan fi ramin kauri, ya faɗa tsakanin 25.002 da 25.015. Tazarar da aka ba shi ya yi wasa a ciki 0.013 ce kacal. Silin gashin kai kaurinsa wajen 0.07 ne, ku raba shi gida biyar, kashi ɗaya shi ne filin nasa.

Dalili kuwa, ku kalli cikin boris ɗin. Zoben ciki aikinsa ya kama shaf gam su juya tare, ƙwallayen nan su ne masu gangarawa. In ya shiga sakwa-sakwa, zoben zai riƙa zamewa a kan shaf yana cinsa, sai zafi, sai ƙara, ba a jima ba inji ya tsaya. In kuma kaurin ya wuce kima, zoben ya buɗe ya matse ƙwallayen, nan ma ƙonewa zai yi.

Shi ya sa ba za ku ga tef a nan ba. Baniyar da ke aljihunsa, wato ma'aunin kauri mai baki biyu, tana karanta 0.02, ta isa a farkon aiki. Da ya matso kusa sai ya ɗauko maikiromita, ma'aunin da ya fi baniya gano ƙaramin bambanci. Ku lura yadda ya goge bakinta kafin ya ɗora, ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta canja lissafi.

Ga inda yaran shago ke yawan faɗawa. Saura 0.20 a cire, sai yaro ya tura wuƙa 0.20. Ya manta ƙarfen juyawa yake, wuƙar na ci ta ko'ina, abin da ka tura ninki biyu yake fita daga kaurin. 0.10 ya kamata ya tura. Wasu injinan an riga an yi wannan lissafin a jikin ma'auninsu, wasu ba a yi ba, dole mutum ya san halin injinsa. Abin da aka yanke kuwa ba ya komawa.

Yanzu ya kashe inji, ya ɗauki kofin shayinsa. Mai kaya na tsaye yana duba agogo, a ransa yana cewa ana ɓata masa lokaci. Jira yake ƙarfen ya huce. Shaf mai kaurin 25, in zafinsa ya ƙaru da digiri 40, yana kumbura da kusan 0.012, wato kusan duk filin nan da muka ambata. Ka auna shi da zafi ya nuna daidai, ya huce ya koma ƙasa. A ƙa'idar awo ta duniya digiri 20 ne ma'auni, mu kuwa a Kano cikin watan Afrilu sai mu haura 40 a inuwa. Ko a manyan masana'antu masu injin CNC, inda kwamfuta ke tura wuƙa, akan auna ƙarfen bayan an yanka.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, zan faɗa. Na taɓa kai famfon gidanmu gyara wani wuri, da boris ya yi sako-sako sai aka ɗauki fonci, wato ƙarfe mai tsini, aka tsattsaga jikin shaf don ya kama. A gabana ya kama. Bai yi wata biyu ba ya mutu, ya tafi da shaf ɗin gaba ɗaya. In kun ga ana yi muku haka, ko an ɗauko guduma za a dake boris kai tsaye, ku ce a dakata.

Ga yadda maigidan ya shigar da nasa. Ya ɗumama boris ɗin zuwa wajen digiri 100, ba ya bari ya haura 120, kuma mai murfin roba ba a kai shi nan. Ramin ya buɗe da abin da ya ɗara 0.02, ya wuce kaurin da aka bari. Ya ɗauko da tsumma mai kauri. Ku kalla, babu duka ko ɗaya, ya zurma har gindi. Ya riƙe shi a wurin ya ɗan huce.

Yanzu yaron shago zai gwada zare shi da hannu biyu. Ja dai, samari. Ko motsi.