Gwajin Widal: arahar da ke jawo asara

"Maleriya ce da taifod." Kusan duk wanda ya kai zazzaɓi asibiti ko kemis ya taɓa jin wannan magana, kuma sau da yawa gwajin Widal ne ya yanke hukuncin taifod ɗin.

Likitan Faransa Georges-Fernand Widal ne ya fito da shi a 1896. Ana ɗibar jini, a ware ruwansa, a gauraya da matattun ƙwayoyin Salmonella Typhi, masu kawo taifod. Idan suka dunƙule, sai a rubuta lamba mai nuna yawan sirkin da aka yi wa ruwan jinin, kamar 1:80 ko 1:160.

To, a lura da kyau: gwajin ba ya ganin ƙwayar cutar kanta. Sinadaran kariya da jiki ya samar yake aunawa. Su kuwa ba sa bayyana sai zazzaɓi ya yi kusan mako guda, sannan suna iya zama a jini watanni bayan an warke. Wanda ya taɓa yin taifod, wanda aka yi wa rigakafinsa, har mai maleriya zalla, duk takardarsu na iya nuna akwai cutar alhali babu.

A ƙa'ida sau biyu ake yinsa, da tazarar kwana 10 zuwa 14, a ga ko lambar ta ninka sau huɗu, misali daga 1:80 zuwa 1:320. Wa ke jiran wannan? Gwaji ɗaya, sai a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ciprofloxacin ko allurar ceftriaxone.

A nan asarar take. An biya kuɗin maganin da ba a buƙata, ainihin ciwon kuma, ko na mafitsara ne, ko nimoniya, ko zazzaɓin Lassa, yana nan yana ci. Ƙwayoyin cuta su ma suna sabawa da maganin. A 2016 wani nau'in taifod ya ɓulla a lardin Sindh na Pakistan wanda ba ya jin ciprofloxacin, ba ya jin ceftriaxone.

Mai zazzaɓi ya fara da gwajin maleriya na ɗigon jinin yatsa, wanda ke fita cikin minti 15 zuwa 20. Idan likita na zargin taifod, gwajin da ke tabbatarwa shi ne na rainon ƙwayar cuta daga jini: mililita 8 zuwa 10 ga babba, sakamako bayan 'yan kwanaki. A ɗibi jinin kafin a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, don in an riga an sha, ƙwayar na iya ƙin tsirowa.