Jawabin maraba da Mai Girma Kwamishinan Noma a lambun koyarwa na kwalejinmu

Assalamu alaikum. Mai Girma Kwamishina, ranka ya daɗe, shugaban kwaleji, malamanmu, iyayenmu da 'yan uwana ɗalibai, a madadin 'yan sashen lambu ina yi muku barka da zuwa, sannunku da hanya, sannu da shan rana.

Yallaɓai mun roƙa a tarbe ka a nan ne maimakon cikin hol, saboda gaskiya nan ne ajinmu. Abin da malam ya rubuta a allo da safe, da yamma sai ka zo ka yi shi da hannunka, in ka yi ha'inci kuma shuka ba ta rufa asiri, sati biyu kowa zai gani. Kowane ɗalibi da fanginsa. Ga tumatir can irin da ake kira UC82B da Roma, ga tattasai da attaruhu, albasa, latas, kabeji, karas, sai namu na gida rama da yakuwa da alayyafo da zogale. Ragar da ka gani kan irin tumatir ɗin saboda sharon ne, wato Tuta absoluta, tsutsar nan da ta cinye gonaki a 2016 har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir. Muna koyon gane ta tun tana cikin ganye, da sa tarko, da sauya magani, don ita in ka nace mata da feshi iri ɗaya sabawa take yi.

Ƙarƙashin rumfa kuma wajen reno ne, can muke auren mangwaro da lemo, wato haɗa reshen iri mai kyau a jikin ƙaramin dashe. Wuƙa ce da leda da haƙuri kawai, amma mangwaron aure shekara uku zuwa huɗu ya fara 'ya'ya, na ƙwallo kuwa sai ka gaji da jira.

To sai ɓangaren fulawa, wato furannin ado, wanda shi nake so in ɗan daɗe a kai ranka ya daɗe, don shi ake mana dariya da shi a gida, wai an tura yaro makaranta ya ɓige da shuka abin da ba a miya da shi. Amma duk wanda ya zaga Abuja ya ga masu sayar da fulawa jere a bakin titi ya san sana'a ce, otal-otal da bankuna da gidajen manya duk saye suke, kuma sai sun ɗauki mai kula musu da ita. Fulawar da ake kira bogenbiliya daga reshe ake dasa ta, ka yanka ka soka a leda shi ke nan, jarin bai kai ya kawo ba. Kariya ma da take fitowa da kanta a dajinmu ba mai kallonta, a Tailan da Taiwan renonta ake a tukwane ana fitarwa ƙasashen waje, mu nan abin da aka fi sani kawai shi ne ruwanta dafi ne. Shingen da ka ratso ta ciki kuma lalle ne, ya yi ado ya tare awaki, ga ganyen mata na saye.

Ilimin akwai shi a ƙasar nan, akwai cibiyar binciken lambu ta ƙasa, wato NIHORT, a Ibadan tun 1975 da reshenta a Bagauda ta Jihar Kano, ga kwalejin tarayya ta koyon aikin lambu da ke Dadin Kowa a Gombe. Mu dai roƙonmu ɗaya ne, ruwa. Daga Maris zuwa Mayu lambu ba ya jira, kwana biyu ba ban ruwa latas ya tafi. Don Allah a taimaka mana da ƙarin rijiyar burtsatse mai sola da bututun ɗigo, mu rage jido da bokiti, mu kuma koyi irin ban ruwan da manyan gonaki ke nema ga ma'aikaci yanzu.

Mun ajiye maka dashen mangwaro ɗaya da za ka dasa mana da hannunka, ramin a haƙe yake. Allah ya saka da alheri, ya maida ku gida lafiya. Bismillah ranka ya daɗe, mu fara ta wajen tumatir.