Laccar rigakafi: yadda aka ci ƙarfin sankarau

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Cututtuka uku zan taɓa a yammacin nan: sankarau, zazzaɓin cizon sauro, da shan inna.

Sankarau dai ba sai na gabatar muku da shi ba. Hunturu ya ja baya, zafi ya kunno kai, ƙura ta busar da hanci da maƙogwaro, shi ke nan lokacinsa ya yi. Yaro ya kwana lafiya, da hantsi kai na sara, kafin la'asar wuya ya sanƙare, ba ya iya sunkuyar da haɓa ta taɓa ƙirji. Wanda ya tsira ma sau da yawa kunne ya tafi. A annobar 1996 mutum fiye da 250,000 suka kamu a ƙasashen Afirka, wajen 25,000 suka rasu. Iyayenmu da ke zaune a gaba sun ga wannan shekara da idonsu.

A lokacin akwai allura, kada ku ce babu. Sai dai tana da rauni. Ƙwayar cutar tana da wata riga ta sukari a jikinta, da wannan rigar aka haɗa tsohuwar allurar. Jikin babba yana gane ta, jikin yaro ɗan ƙasa da shekara biyu ba ya gane ta sosai, kuma bayan kamar shekara uku kariyar ta dusashe. Shi ya sa sai annoba ta ɓarke ake ɗauko ta a guje.

To me masu bincike suka yi? Nan ne wurin da nake so, ku ba ni hankalinku. Sai suka ɗaure rigar sukarin nan da wani sinadari na allurar cutar sarƙe haƙora, wanda garkuwar jiki ba ta wasa da shi. Kamar baƙon yaro ne ya shigo gari ba wanda ya dube shi, amma da aka gan shi riƙe da hannun mai unguwa, kowa ya haddace fuskarsa. Jiki ya gane, kuma ya riƙe. Ya riƙe, wannan shi ne bambancin. Har ma allurar tana share ƙwayar daga maƙogwaron mutumin da ke yawo da ita lafiya lau yana rarraba wa jama'a, ka ga wanda ba a yi wa ba shi ma ya samu inuwa.

Aikin ya fara a 2001, Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH. Kuma abin da ke burge ni, sai da aka tambayi jami'an lafiyar Afirka nawa za su iya saye. Suka ce in ta wuce rabin dala kowace allura, ba za su iya ba. Rabin dala! Manyan kamfanoni ba su ga riba ba, sai kamfanin Serum Institute na Indiya ya karɓa. Aka gwada ta a Indiya, aka gwada a Mali da Gambiya, mataki bayan mataki, kafin a ba ta suna MenAfriVac. Disambar 2010 aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar, daga ɗan shekara 1 zuwa ɗan 29. Najeriya ta bi a 2011. Malam mai farar hula, na ga ka wuce shekarun, yi haƙuri.

Ta yi aiki? A Chadi aka auna. Yankunan da ke kewaye da Njamena an yi musu, sauran ba a kai gare su ba tukuna, ga annoba tana ci. Inda aka yi, sankarau ya ragu da kashi 94 cikin ɗari. Sannan tana jure kwana huɗu ba firij har zafin digiri 40, wanda ya taɓa ɗaukar akwatin ƙanƙara a babur zuwa ƙauye ya san darajar wannan.

Amma ƙwayar sankarau nau'i-nau'i ce, nau'in A kaɗai wannan allurar take karewa. Nau'in C ya ɓarke a Nijar a 2015, ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017. Aka koma ɗakin bincike, aka fito da mai kare nau'i biyar, kuma Najeriya ce ta fara amfani da ita a duniya, a Maris 2024.

Af, shugaban taro yana nuna mini agogo. Na biyu, zazzaɓin cizon sauro. An gwada allurar RTS,S a Ghana da Kenya da Malawi daga 2019, mutuwar ƙananan yara ta ragu da kashi 13 cikin ɗari. Ga ta biyu, R21, an fara ta a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Sau huɗu ake yi, kuma ba ta ɗauke muku gidan sauro ba. Shan inna kuwa... na'am, Hajiya? A miƙa mata abin magana.

Tana tambaya, yaran Kano na 1996 fa? Hajiya, kin yi daidai da kika tayar da ita. Abin da kamfanin Pfizer ya gwada a Kano sunansa Trovan, maganin warkar da wanda ya riga ya kamu da sankarau ne, ba rigakafi ba. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Aka yi shari'a, a 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan ciwo bai warke a zukatan mutane ba, kuma yana cikin abin da ya sa aka guji ɗigon shan inna a 2003. Don haka duk wanda ya zo da gwaji, ki tambaye shi takardar izinin NAFDAC da ta kwamitin ɗa'ar bincike, ya karanta miki takardar yarda da Hausa, kuma ki sani kina da ikon cewa a'a ko bayan kin sa hannu. An kira magariba, sauran tambayoyin ku rubuto su a takarda.